Lauyan da Ya Riƙe Masu Fasaha Tun Suna Raye: Amsoshi Kan Rayuwar John Quinn

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun taru ne a kan mutum guda, wato John Quinn, lauyan birnin New York da ya rasu a 1924, wanda muka ambaci sunansa a gurguje lokacin da muke magana kan masu hannu da shuni da suka riƙe marubuta da masu zane. Na zaɓi biyar daga cikin wasiƙun, na kuma taƙaita tambayoyin domin fili ya ishe mu.

Daga wani ɗalibi mai karatun lauya a Zariya: Malam, wane ne wannan John Quinn, kuma me ya haɗa lauya da masu zane da marubuta waƙoƙi? Mu dai iyakar saninmu, lauya tsakanin ofis da kotu yake.

Ɗana, tambayarka tana kan hanya, domin shi kansa Quinn a ofis da kotu ya ƙare mafi yawan kwanakinsa, kuma da kuɗin da ya samo a can ya yi duk abin da ake tuna shi da shi a yau. An haife shi a watan Afrilu na 1870 a garin Tiffin na jihar Ohio a Amurka, ya kuma tashi a wani ƙaramin gari mai suna Fostoria. Iyayensa baƙi ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Ayilan, mahaifinsa kuwa mai gidan burodi ne, saboda haka bai gaji wata dukiya ba. Ƙofa ta buɗe masa ne ta hannun Charles Foster, tsohon gwamnan Ohio, wanda aka naɗa sakataren baitulmalin Amurka a 1891, ya kuma tafi da saurayin birnin Washington ya zama magatakardansa. Da rana yana aikin ofis, da dare yana karatun lauya a Jami'ar Georgetown, inda ya gama a 1893, sannan ya ƙara da Harvard ya fito a 1895. Daga nan ya nufi New York, ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin wasu, har ya buɗe ofishin kansa a 1906 a titin Nassau, a tsakiyar unguwar bankuna. Shari'o'in bankuna da kamfanonin inshora da al'amuran haraji su ne hanyar cin abincinsa, kuma ya yi suna a cikinsu a matsayin lauya mai kaifin baki wanda ba ya gajiya da aiki.

Son littafi kuwa tun yana yaro yake tare da shi, amma abin da ya juya rayuwarsa shi ne ziyarar da ya kai ƙasar iyayensa a 1902. A lokacin 'yan Ayilan suna ƙarƙashin mulkin Ingila, kuma wasu matasa da dattawansu sun tashi haiƙan domin raya harshensu da adabinsu da wasan kwaikwayonsu. Quinn ya sadu da jagororin wannan yunƙuri, irin su mawaƙi W. B. Yeats da ƙaninsa Jack mai zane, da Lady Gregory, da Douglas Hyde. Da ya koma gida bai tsaya ga yabon baki ba. Shi ya shirya wa Yeats rangadin laccoci a Amurka daga ƙarshen 1903 zuwa farkon 1904, ya rubuta wasiƙu zuwa jami'o'i da ƙungiyoyi, ya tsara ranaku, ya kuma sauke baƙon a gidansa. Haka ya yi wa Hyde a 1905 da 1906, lokacin da ya zo neman gudummawa domin ƙungiyar raya harshen Ayilan, kuma wannan Hyde ɗin shi ne ya zama shugaban ƙasar na farko a 1938.

Labarin da ya fi nuna mini halinsa shi ne na tsohon nan John Butler Yeats, mahaifin mawaƙin, wanda shi ma mai zanen fuskokin mutane ne. Dattijon ya zo New York a ƙarshen 1907 da niyyar 'yar gajeriyar ziyara, sai garin ya yi masa daɗi ya ƙi komawa, alhali ba shi da abin biyan kuɗin masauki. Quinn ya ɗauki nauyinsa ta wata hanya mai kiyaye mutunci: yana sayen ainihin rubutun hannu na ɗan, kuɗin kuma a zuba su cikin bashin masaukin uban. A 1911 ya ba dattijon aikin zana hoton kansa da kansa, tsohon kuwa ya yi ta zanawa yana gogewa yana sakewa har shekara goma sha ɗaya, ya rasu a 1922 hoton yana jingine a ɗakinsa bai ce ya kammala ba. Quinn ya sha yin faɗa da ƙorafi a kan wannan jinkiri, domin mutum ne mai saurin fushi, amma bai janye hannunsa ba har aka binne tsohon.

Ka kuma lura da abin da ya shafi sana'arka kai tsaye. A watan Janairu na 1912 aka kama 'yan wasan kwaikwayo na gidan wasan Abbey na birnin Dublin a Philadelphia, bayan wasu 'yan asalin Ayilan mazauna Amurka sun kai ƙara cewa wani wasa na J. M. Synge ya ci mutuncin ƙasarsu kuma ya saɓa wa tarbiyya. Quinn ya bar ofishinsa ya hau jirgin ƙasa ya je ya tsaya musu, ya yi wa shaidun masu ƙara tambayoyi har hujjarsu ta rushe, aka sallami 'yan wasan. Abin da ya haɗa lauya da masu fasaha ke nan: mai fasaha yana buƙatar wanda zai karanta masa yarjejeniya kafin ya sa hannu, da wanda zai tsaya masa idan hukuma ta taso, kuma galibi ba shi da kuɗin ɗaukar irin wannan mutum.

Daga wata malama mai koyar da zane a Kano: Na ji an ce ya sa an canza wata dokar haraji saboda masu zane. Wace doka ce, kuma me ta amfana?

Malama, a ganina wannan shi ne aikinsa mafi nauyi, ko da yake ba shi aka fi ambata ba, domin labarin haraji ba ya jan kunne kamar labarin kotu. A ƙarƙashin dokar kwastan ta Amurka ta 1909, duk zane ko sassaƙa da ya haura shekara 20 da yi yana shiga ƙasar ba tare da an biya komai ba, amma wanda bai kai shekara 20 ba sai an biya kashi 15 cikin ɗari na kuɗinsa. Ki dubi ma'anar wannan da kyau. Attajirin da ya sayo aikin mutumin da ya daɗe a kabari ba a taɓa aljihunsa, wanda kuwa ya sayo aikin saurayin da ke fama da kuɗin haya a Paris sai a ɗora masa haraji. Dillalai suka gwammace su yi ta shigo da tsofaffin kaya, Amurkawa kuma suka zauna ba su san abin da masu zanen zamaninsu suke yi a Turai ba.

Wannan gibi ne ya sa wasu masu zane na Amurka suka kafa ƙungiya suka shirya wani gagarumin baje koli, wanda aka buɗe ranar 17 ga Fabrairu, 1913, a wani zauren atisayen sojoji da ke titin Lexington a New York, shi ya sa har yau ake kiransa da sunan wannan zaure na Armory. An baje ayyuka kimanin 1,300, kuma a nan ne jama'ar Amurka da dama suka fara ganin aikin Matisse da Picasso da Brancusi da Duchamp ido da ido. Jaridu sun yi ta ba'a, wasu suka ce hauka ce tsagwaronta. Quinn shi ne lauyan ƙungiyar, shi ya yi jawabi a daren buɗewa, shi ya fi kowa ba da aron ayyuka daga cikin abin da ya tara, yana kuma sahun gaba cikin waɗanda suka zare kuɗi suka saya.

A cikin wannan shekara ce majalisar dokokin Amurka take sake fasalin dokar kwastan, sai Quinn ya ga dama ta samu. Ya yi ta zirga-zirga zuwa Washington da kuɗin aljihunsa, ya rubuta hujjoji, ya bayyana gaban kwamitocin majalisa, yana nuna musu cewa abin da gwamnati take samu daga wannan haraji bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da ilimin da ake hana jama'a. Da aka sa hannu kan sabuwar dokar a watan Oktoba na 1913, an cire haraji a kan ainihin ayyukan masu zane da sassaƙa na zamani. Daga nan shagunan sayar da zane-zanen zamani suka fara yawaita a New York, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa birnin ya zama babbar kasuwar wannan fanni daga baya.

Rigimar dai ba ta mutu nan take ba, domin dokar ta bar wa jami'in kwastan hukuncin abin da za a kira fasaha. A 1926, shekara biyu bayan rasuwar Quinn, aka shigo da wani aikin tagulla na Brancusi, dogo siriri mai sheƙi, wanda ya ce tsuntsu ne a sararin sama. Jami'an kwastan suka duba ba su ga baki ba, ba su ga fiffike ba, suka ce ƙarfe ne da aka sarrafa kawai, suka ɗora masa harajin kayan masana'anta. Sai da aka je kotu, aka yanke hukunci a 1928 cewa aikin fasaha ne ko da bai yi kama da tsuntsun da ido ya saba gani ba. Brancusi kuwa mutum ne da Quinn ya riƙe shekara da shekaru, har ya zama babu wanda ya kai shi tara ayyukansa a lokacin.

Daga wani dattijo a Sakkwato: Na karanta cewa mutumin nan ya tsaya a kotu yana kare littafin da hukuma ta ce batsa ce, sannan daga baya ya sayar da rubuce-rubucen da ya saya a hannun marubuta ya ci riba mai yawa. Ta yaya za a kira irin wannan mai taimako?

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, duka abubuwan biyu sun faru, kuma ba zan yi wa ko ɗaya kwaskwarima ba. Littafin shi ne Ulysses na James Joyce, marubuci ɗan Ayilan, wanda wata ƙaramar mujalla ta New York mai suna The Little Review take bugawa kashi-kashi tun 1918. Mata biyu ne ke tafiyar da mujallar, Margaret Anderson da Jane Heap. Hukumar gidan waya ta riga ta kama wasu fitowar mujallar ta ƙone, sannan a 1920 wata ƙungiya mai yaƙi da alfasha ta kai su ƙara saboda wani babi na littafin. Gaskiya ita ce a cikin babin akwai abin da mai kunya ba zai karanta a gaban 'ya'yansa ba. Quinn kansa ya sha gargaɗin matan da abokinsa Ezra Pound, mawaƙi Ba'amurke, cewa su daina aika irin waɗannan babobi ta gidan waya, domin idan kotu ta yi hukunci a kan yanki ɗaya, littafin gaba ɗaya zai rasa mai buga shi a Amurka. Ba a ji maganarsa ba, kuma da abin da ya hango ya auku, shi aka nema, ya kuma tsaya musu ba tare da ya karɓi kuɗin aikinsa ba.

An yi shari'ar a watan Fabrairu na 1921 a gaban alƙalai uku. Hujjar da ya fi dogara da ita ita ce rubutun yana da wuyar fahimta ƙwarai, wanda bai gane shi ba babu yadda zai lalata shi, wanda kuma ya kai ga gane shi ya wuce a ce shafi guda ya ɓata masa tarbiyya. Anderson ba ta ji daɗin wannan salo ba, domin ita so take a kare littafin a matsayin babban adabi, shi kuwa yana duban alƙalan da ke gabansa ne da abin da zai iya shiga kunnensu. An sami matan da laifi, aka ci kowace tarar dala 50, aka hana su ci gaba da bugawa. Littafin ya fito a Paris a watan Fabrairu na 1922, kuma sai a watan Disamba na 1933 wata kotun tarayya ta halatta shigar da shi Amurka. Ra'ayina a nan, Baba, shi ne mutum yana iya ƙin abin da ke cikin littafi, ya hana shi shiga gidansa, amma wanda aka gurfanar gaban alƙali yana da haƙƙin samun mai yi masa magana, kuma wannan haƙƙi ne Quinn ya sauke, alhali yana jin haushin waɗanda yake karewa.

Batun riba ya fi wannan nauyi a wurina. Tun 1911 Quinn yake sayen ainihin rubutun hannu na littattafan Joseph Conrad, a lokacin da Conrad yake cikin bashi kuma babu mai tayawa. Haka ya riƙa aika wa Joyce kuɗi kashi-kashi yana karɓar rubutun Ulysses babi bayan babi, kuɗin da iyalin Joyce suka ci abinci da su. Daga ƙarshen 1923 zuwa farkon 1924 sai ya sa ɗakin karatunsa gaba ɗaya a gwanjo, domin gidansa ya cika kuma hankalinsa ya koma kan zane-zanen Faransa. Takardun Conrad da ya saya a kan kimanin dala 10,000 suka tashi a kan kimanin dala 110,000. Na Joyce kuwa wani dillalin littattafai na Philadelphia mai suna Rosenbach ya saye su a kan dala 1,975, Joyce ya ji zafin ƙanƙantar kuɗin, ya nemi ya fanso rubutunsa bai samu ba, kuma har yau takardun suna Philadelphia. Marubutan biyu duk sun ji ciwo, kuma ina ganin suna da hujja, domin wanda ya miƙa maka aikin hannunsa cikin amana da abota ya cancanci a yi shawara da shi kafin a kai shi kasuwa.

Duk da haka, akwai abin da ya kamata a auna. Quinn bai taɓa kiran abin da yake yi sadaka ba. Ya fi son ya saya, ya biya, ya karɓi aiki, domin mai fasaha ya ci guminsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. A wajenmu an saba mawaƙi ya wasa mai dukiya, mai dukiya ya yi masa kyautar riga ko doki ko mota, kuma wannan al'ada ta riƙe masu fasaha da yawa, sai dai takan sa fasahar ta karkata wajen yabon mai bayarwa. Quinn bai nemi a yabe shi a cikin waƙa ko a zana fuskarsa da kyau ba, abin da mai fasahar ya ga dama ya yi shi yake saya. Gwen John, wata mai zane 'yar yankin Wales da ke zaune a wajen birnin Paris cikin kaɗaici da ƙaramin ƙarfi, ta yi fiye da shekara goma tana samun kuɗi daga gare shi a kai a kai, ko da ta yi jinkirin aika aiki, kuma shi ya sayi mafi yawan abin da ta sayar a wannan tsakani.

Ba zan rufe amsar nan ba sai na faɗi aibinsa da ya fi wanda Baba ya ambata. Mutum ne mai zafin rai da tsanani ga ma'aikatansa, kuma wasiƙunsa suna ɗauke da munanan kalamai na ƙyamar Yahudawa da wasu al'ummomi, kalaman da babu uzurin da za a yi musu. Wanda ya karanta tarihinsa da B. L. Reid ya rubuta, wanda ya sami lambar yabo ta Pulitzer a 1969, zai ga alherin da aibin a shafi ɗaya.

Daga wani mai karatu a Maraɗi: Shin akwai kayan Afirka a cikin abin da ya tara?

Akwai, ɗan'uwa. Quinn yana cikin Amurkawan farko da suka sayi sassaƙe-sassaƙen itace da abubuwan rufe fuska na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suna kallonsu a matsayin fasaha, a lokacin da gidajen tarihi na Turai suke jera irinsu a matsayin kayan nazarin ƙabilu kawai. Da yawa ya same su ne ta hannun Marius de Zayas, wani dillali kuma mai zane da ke da shago a New York, kuma wajen 1919 mai ɗaukar hoto Charles Sheeler ya ɗauki hotunansu aka haɗa su a kundi guda. Abin da ke damuna a nan shi ne, mutumin da ya dage kan a san mai fasaha da sunansa, a biya shi tun yana raye, ya karɓi waɗannan ayyuka ba tare da sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka sassaƙa su ba. Kayan sun fito ne ta hanyoyin mulkin mallaka zuwa Paris, kuɗin kuma a hannun dillalai suka tsaya.

Daga wata 'yar kasuwa a Kaduna: Ina dukiyar fasahar da ya tara take yanzu? Akwai gidan tarihi da sunansa? Kuma muna da irinsa a Nijeriya?

Hajiya, babu gidan tarihi da sunansa, kuma wannan shi ne ɓangaren labarin da ya fi ba ni takaici. Quinn bai yi aure ba, a gidan haya yake zaune a wani bene da ke fuskantar babban lambun shaƙatawa na tsakiyar New York. Waɗanda suka shiga gidan sun ba da labarin zane-zane jingine a bango sahu bayan sahu, fuskarsu a juye, ɗakuna sun cika har da ƙyar ake samun wurin wucewa, idan baƙo ya zo sai a jawo ɗaya a juyo da shi a nuna masa a mayar. Lokacin rasuwarsa abin da ya tara ya kai ayyuka kimanin 2,500, ciki har da na Picasso fiye da hamsin, da na Matisse da Derain da Cézanne da Van Gogh da Gauguin. Pound ne ya ƙara masa ƙarfin gwiwa tun 1915 cewa ya riƙa saye a hannun rayayyu, wani Bafaranshe kuma mai suna Henri-Pierre Roché ya zama idonsa a Paris.

An yi masa tiyatar ciwon daji a 1918, ya ci gaba da aiki da saye kamar babu abin da ya faru. A farkon 1924, jikinsa ya riga ya yi rauni, ya sayi wani zane na Henri Rousseau wanda ya ƙaunata ƙwarai: wata mata matafiya kwance tana barci a cikin hamada da dare, sanye da riga mai ratsi-ratsi, sanda a hannunta, abin kiɗanta mai tsirkiya da tulun ruwa a gefenta, ga zaki tsaye a kanta yana shinshina ta bai taɓa ta ba, ga farin wata a sama. Bayan 'yan watanni, ranar 28 ga Yuli, 1924, ya rasu yana da shekara 54, aka kai gawarsa Fostoria aka binne. Conrad ya bi shi bayan kwana shida.

Wasiyyarsa ta ce a sayar da kayan a ba 'yar'uwarsa Julia da 'yarta kuɗin. Babban abin da ya keɓe shi ne zanen Georges Seurat na filin wasan dawaki, mai nuna wata mata tsaye da ƙafa ɗaya a bayan farin doki, wanda ya bar wa gidan tarihi na Louvre, yanzu kuma yana gidan tarihi na Orsay a Paris. Sauran an sayar da su a 1926 da 1927, wasu a asirce wasu a gwanjo a Paris da New York, da yawa suka koma Turai a kan kuɗin da bai kai darajarsu ba. Manyan gidajen tarihi na New York a lokacin ba su nuna ɗokin irin waɗannan ayyuka ba, kuma kula da 'yar'uwa da 'yarta haƙƙi ne a kansa. Amma ni ina ganin lauya irinsa, wanda ya san yadda ake kafa amana da gidauniya fiye da kowa, da ya so da ya keɓe wani kaso ya tsare shi wuri guda. Mu da muka san waƙafi, muka kuma san wasiyyar sulusi da shari'a ta ba mutum dama a kanta ba tare da an tauye magada ba, mun san cewa ana iya haɗa biyun. Wannan watsewa ta girgiza masu son fasaha a birnin, kuma masana tarihi suna lissafa ta cikin dalilan da suka sa mata uku, Lillie Bliss da Abby Rockefeller da Mary Sullivan, suka kafa gidan adana fasahar zamani na New York a 1929. A can zanen matar da zakin yake tun 1939.

Game da Nijeriya, misalin da ya fi kusa shi ne Yemisi Shyllon, ɗan sarautar Abeokuta, wanda injiniya ne kuma lauya, ya kuma shafe shekaru yana tara ayyukan masu fasahar ƙasar nan. Shi ya bi hanyar da Quinn bai bi ba, domin ya ba da kuɗi da ayyuka kimanin 1,000 aka kafa gidan adana fasaha mai ɗauke da sunansa a Jami'ar Pan-Atlantic da ke Legas, aka buɗe shi a 2019, ɗalibai da sauran jama'a suna shiga suna gani tun yana raye.

Akwai abu ɗaya daga cikin kayan Quinn da bai shiga gwanjo ba. A 1922 T. S. Eliot yana ma'aikacin banki a Landan, ya gama doguwar waƙarsa mai suna The Waste Land, yana neman mai buga ta a Amurka. Quinn, wanda bai taɓa haɗuwa da shi ido da ido ba, ya rubuta masa yarjejeniya da kamfanin Boni da Liveright, ya kuma tara ɓangarorin a ofishinsa aka daidaita yadda mujallar The Dial za ta fara buga waƙar ta ba Eliot kyautarta ta dala 2,000, duk bai karɓi ko kwabo ba. Domin godiya Eliot ya aika masa ainihin takardun waƙar kyauta, masu ɗauke da gyare-gyaren Pound, inda ya soke dogayen sassa da alƙalaminsa. Bayan rasuwar Quinn aka daina jin ɗuriyar takardun, Eliot kansa ya ɗauka sun ɓata. Ashe suna cikin kayan da Julia ta gada, daga baya 'yarta ta gano su ta sayar wa babban ɗakin karatu na birnin New York a 1958, ba a kuwa sanar da jama'a ba sai a 1968, shekara uku bayan rasuwar Eliot. Matarsa Valerie ce ta buga hotunan shafukan a littafi a 1971, kuma takardun suna wannan ɗakin karatu, wanda shi ne kuma yake ajiye da tarin wasiƙun Quinn.